Gidana ne, ina ruwan hukumar birni da tsawon ciyawata?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na sayi gida a wani ƙaramin birni a Amurka. Na dawo daga tafiyar wata guda sai na tarar da takarda liƙe a ƙofa daga hukumar birni, wai ciyawar gaban gida ta wuce ƙa'ida, fentin baranda ya ɓaɓɓare, tsohuwar motata da ke ajiye a gefen gida kuma lambarta ta mutu. An ba ni kwana 10 in gyara, in ba haka ba za a fara cin tarata kullum. Gidan nan nawa ne, ina biyan harajinsa. Da wane iko suke yin haka? Wa ya kai ƙarata? In na share su me zai faru? Kuma da gaske ne ana iya raba mutum da gidansa a kan ciyawa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya huɗu ka haɗa wuri guda: tushen ikon, mai kai ƙara, abin da ke biyo bayan shiru, da batun rasa gida. Na yi shekaru ina aikin duba-gari a wani matsakaicin birni a ƙasar, ina cikin masu liƙa irin takardar da ka tarar, daga baya na koma ofis ina haɗa fayilolin da ake kai wa gaban mai sauraron ƙara. Kafin in shiga bayani bari in faɗa maka abin da ya fi komai: takardar nan ba hukunci ba ce tukuna. A duk shekarun da na yi, ban ga wanda doguwar ciyawa ta jefa cikin wahala ba. Waɗanda na ga sun wahala su ne waɗanda suka jefa takardar a aljihun mota suka ce sa gani.

Inda ikon ya samo asali

A tsarin Amurka kowace jiha tana da ikon kafa dokokin kare lafiya da tsaron jama'a, kuma ita ce take ba ƙananan hukumominta wani yanki na wannan iko. Majalisar birni ta zauna ta yi doka, sashen duba-gari ya aiwatar. Shi ya sa abin da yake laifi a birninka zai iya zama ba komai ba a birnin da ke maƙwabtaka da ku, wani lokacin ma titi ɗaya ne ya raba su.

Ba da ciyawa aka fara ba. Cunkoso, wuta da annoba ne suka haifi waɗannan dokoki. Jihar New York ta yi dokar gidajen haya a 1867, ta sake yin wata mai ƙarfi a 1901, saboda ɗakunan da babu taga babu iska da mutane ke mutuwa a ciki. A Ingila ma dokokin lafiyar jama'a na 1848 da 1875 daga cututtukan birane suka fito. Sannu a hankali abin ya faɗaɗa daga rai da lafiya zuwa kyan gani, har Kotun Ƙolin Amurka ta nuna a wata shari'a ta 1954 cewa hukuma tana da hurumin neman gari ya yi kyau, ba lafiya kaɗai ba. Don haka hujjar "gidana ne" ba ta da nauyi a gaban mai sauraron ƙara. Mallakarka ce, babu mai musu, amma ɓeran da ya haihu a cikin ciyawarka bai san iyakar fili ba, sauron da ya ƙyanƙyashe a tsohuwar taya ma haka.

Yawancin birane ba su zauna sun rubuta dokar daga farko ba. Akwai wani kundi na samfurin dokar kula da gida da ake kira IPMC, wanda ƙungiyar ICC mai tsara ƙa'idojin gini take fitarwa tun 1998 tana sabunta shi lokaci-lokaci. Birni ya ɗauke shi, ya cike guraben da aka bar masa, ya ƙara abin da yake so. Tsawon ciyawa yana cikin guraben nan. Birane da yawa suna sa inci 8, 10 ko 12. Kundin ya taɓo abubuwan da ba za ka yi zato ba: lambar gida ta kai inci 4 a tsawo yadda motar kashe gobara za ta hango ta daga titi, wurin ninƙaya da zurfinsa ya wuce inci 24 a kewaye shi da shinge mai tsawon inci 48, indararo ya yi aiki, itacen da ke waje ya kasance da fenti ko wani abin da zai kare shi daga ruɓa, kar a ajiye motar da ba ta tashi ko marar lamba a fili.

Akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa da wannan. Na farko dokar gini, wadda ta shafi sabon gini ko babban gyara. Tsohon gidan da aka gina bisa ƙa'idar zamaninsa galibi ba a tilasta masa bin sabuwar ƙa'idar gini, amma dokar kula da gida ta hau kan kowa, tsoho da sabo. Sau da yawa mutum zai ce mini "ai haka na saye shi", ni kuwa sai in ce masa ranar da ya sa hannu a takardar saye, ranar ya gaji ruɓaɓɓen katakon. Na biyu ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ba hukuma ba ce, yarjejeniya ce da ka shiga lokacin sayen gida. Duba saman takardarka da kyau ka ga tambarin wa ke kai, domin hanyar ɗaukaka ƙara a wurare biyun ba ɗaya ba ce. Tunda ka ce daga hukumar birni ta fito, a kan haka zan ci gaba.

Wa ya kai ƙararka

Mafi rinjaye, maƙwabci ne. Ba na son in haɗa ka faɗa da kowa, amma gaskiyar aikin ke nan. Jami'an duba-gari ba su da yawa, gidaje kuwa dubbai, saboda haka yawancin sassa ba sa fita sai an kira. Tun da birnin Baltimore ya fara amfani da lambar waya ta 311 (wadda ake kiran hukuma da ita a kan abin da ba na gaggawa ba) a 1996, birane da dama suka bi sahu, yanzu kuma har da manhajar waya inda mutum zai ɗauki hoto ya tura yana zaune a motarsa. Wasu biranen suna yin zagaye titi-titi, musamman a damina da bazara lokacin da ciyawa ke tashi. Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika lura da ita ba: an kira ni a kan gida mai lamba 14, ina tsaye a can na hango mai lamba 16 yana da irin laifin. In na rubuta ɗaya na bar ɗaya, gobe a ce na yi son kai. Ta yiwu ma ba kai aka kai ƙara ba, tsautsayi ne ya biyo ta kanka.

Ko za ka iya sanin sunan mai ƙarar? Ya danganta da jiha. A wasu wurare ana karɓar ƙara ba suna. Jihar Florida ta hana haka tun 2021: mai ƙara sai ya ba da sunansa da adireshinsa kafin a fara bincike, sai fa in abin yana barazana ga rai ko lafiya nan take. Shawarata, ko da doka ta ba ka damar nema, ka bar kaza cikin gashinta. Na ga maƙwabta biyu da suka shafe shekara suna kiran ofishinmu a kan juna, wannan ya ce shingen wancan ya karkace, wancan ya ce bishiyar wannan ta leƙo. Dukansu sun biya tara, kuma har na bar unguwar ba sa gaisawa. Sanin sunan ba zai rage tsawon ciyawar da inci ɗaya ba.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne iyakar jami'in. Duk abin da ake gani daga titi, ko daga hanyar da baƙo ke bi zuwa ƙofarka, yana iya dubawa ya ɗauki hoto. Haka in maƙwabci ya ba shi izinin tsayawa a nasa filin ya hango bayan gidanka. Amma shiga cikin gida sai da yardarka ko da waranti daga kotu. Wannan ya tabbata ne a shari'ar Camara ta 1967, wadda ta taso daga San Faransisko, inda Kotun Ƙoli ta ce binciken duba-gari ma bincike ne da kundin tsarin mulki ya shafa. Sai dai kar ka ɗauka wannan katanga ce mai tsawo. Samun irin wannan waranti ya fi na binciken laifi sauƙi, kuma in akwai gaggawa, kamar gini na shirin faɗuwa, ba a jiran sa. Abubuwan nan uku da aka rubuta maka duk daga waje ake ganinsu, don haka batun shiga bai ma taso ba.

Abin da ke biyo baya, mataki bayan mataki

Takardar farko gargaɗi ce. Bisa tsarin kundin IPMC, dole ta zama a rubuce, ta bayyana wane gida, ta faɗi laifin, ta ba da wa'adin da hankali zai ɗauka, ta sanar da kai haƙƙin ɗaukaka ƙara, ta kuma ambaci cewa hukuma na iya ɗora bashi a kan gidan. Lokacin ɗaukaka ƙara gajere ne. Bugu da dama na kundin sun ba da kwana 20, wasu biranen kuma sun rage. Ka lura cewa wa'adin gyara daban, wa'adin ɗaukaka ƙara daban, kuma ana ƙirga su daga ranar da aka isar da takardar, ba ranar da ka dawo ka gan ta ba. Tunda ka yi wata guda ba ka nan, abu na farko da za ka duba shi ne kwanan watan da ke jikinta. Mai yiwuwa kwana 10 ɗin nan sun riga sun fara cinyewa.

In wa'adi ya cika, jami'in zai dawo. Ya tarar an gyara, ya rufe fayil, shi ke nan, a wurare da yawa ko sisi ba za ka biya ba. Ya tarar ba a taɓa komai ba kuma babu wanda ya kira, sai ya rubuta tikitin tara ko ya kai maganar gaban kwamitin sauraron ƙara, ko wani lauya da birni ya naɗa don wannan aiki, ko kotun birni. A nan ne ake yanke tarar kullum, domin dokar tana ɗaukar kowace rana da laifin ya ci gaba a matsayin sabon laifi.

Bari in ba ka misali da Florida, saboda dokarta ta fito da alƙaluma a fili. A can ana iya cin tara har dala 250 a kowace rana a laifin farko, dala 500 a rana in mutum ya maimaita. Manyan birane da gundumomi masu mutum 50,000 zuwa sama suna iya ɗaga ta zuwa dala 1,000 a rana a karon farko, dala 5,000 ga mai maimaitawa. Yi lissafi da kanka: dala 250 sau kwana 60. A birnin Dunedin na jihar an ci wani dattijo tarar kusan dala 30,000 a kan ciyawar da ta yi tsawo a 2018, lokacin da ya tafi wata jiha kula da gadon mahaifiyarsa, wanda ya bari ya riƙa yanke masa ciyawar kuma ya rasu. An ɗauke shi mai maimaita laifi, shi ya sa aka yi ta ƙirga masa dala 500 kullum. Ya kai ƙara yana cewa tarar ta wuce kima, kotunan tarayya ba su ba shi gaskiya ba. Wannan kuwa duk da cewa a 2019, a shari'ar Timbs, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa haramcin tara mai wuce kima ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi. Haramcin yana nan a rubuce, amma kotuna ba sa saurin cewa tarar da majalisa ta ƙayyade ta wuce iyaka.

Ban da tara akwai wata hanyar: hukuma ta yi aikin da kanta. Ta turo ɗan kwangila ya yanke ciyawar, ko ya kwashe sharar, ko ya rufe tagogin kango da katako, sannan ta aiko maka da kuɗin aiki haɗe da kuɗin ofis. Kusan kullum ya fi abin da za ka biya in kai ka nemo mai yankan. A kan ciyawa an fi bin wannan hanya, saboda tana da sauri.

In ba ka biya ba, sai a rubuta bashin a rajistar filaye ta gunduma, ya rataya a wuyan gidan. Wasu biranen suna haɗa shi da harajin gida na shekara. Daga nan ba za ka iya sayar da gidan ko sake cin bashi a kansa ba sai an warware, domin masu binciken takardun mallaka za su gan shi. Bankin da ya ba ka bashin sayen gida ma ba zai ji daɗi ba, don yarjejeniyarku ta ce ka kiyaye gidan daga irin wannan. Sayarwa don a gudu ma ba mafita ba ce: kundin ya hana miƙa gidan da ke da takardar laifi sai an ba mai saye kwafinta kuma ya amince a rubuce zai ɗauki nauyin gyaran.

To, ana iya rasa gida? Ana iya, amma a can ƙarshen doguwar hanya ne, bayan takardu da zama da watanni, sau da yawa shekaru. Wasu jihohin ma sun toshe hanyar ga gidan da mutum yake zaune a ciki. A Florida ɗin dai, hukuma na iya neman a sayar da kadara bayan wata uku da rubuta bashin, amma ba gidan da doka ta amince shi ne mazaunin mai shi ba. Inda aka haɗa bashin da harajin gida kuwa hatsarin ya fi girma, domin rashin biyan haraji hanya ce sananniya ta rasa gida. Galibin gidajen da na ga an kai su wannan matsayi kango ne da aka yi watsi da su, ko gidan gado da magada suka watse babu mai amsa wasiƙa.

Inda tsarin yake da ciwo

Ba zan ce maka aikin nan duka adalci ne ba. Tsarin da ya dogara da ƙarar maƙwabta yana bin mai baki ne. Unguwar da mutanenta suka san lambar da ake kira ta fi samun ziyara, alhali can wata unguwar mai haya yana kwana da rufi mai yoyo yana tsoron ya yi magana a kore shi. Kuma wasu ƙananan birane sun mai da tara hanyar samun kuɗin shiga. An kai ƙarar garin Pagedale na jihar Missouri a 2015 a kan yawan tikitin da yake rubuta wa mazauna saboda ƙananan abubuwa irin labulen taga da fenti, aka ƙare da yarjejeniya a gaban kotu a 2018 wadda ta tilasta masa sauya dokokinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffi. Na taɓa zuwa gidan wata gyatuma da indararonta ya zube, fenti ya tashi ko'ina. Ta fito da sanda ta ce mini ta san da shi, mijinta ne yake hawa tsani, shi kuwa ya rasu. Ka gaya mini tarar kullum me za ta gyara a nan? Wanda ba shi da kuɗin fenti ba zai samu kuɗin fenti da na tara ba. Abin da ya yi aiki shi ne na tsawaita mata wa'adi, na haɗa ta da shirin gyaran gidaje na birni, irin wanda ake ɗaukar nauyinsa da tallafin raya al'umma da gwamnatin tarayya take bayarwa tun 1974. Akwai kuma ƙungiyoyin sa kai irin su Habitat for Humanity da Rebuilding Together da suke irin wannan gyara. Haka masu tara tarkace har gida ya cika: tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sanya wannan a jerin cututtuka, kuma wanda ya yi aikin ya san in ka kwashe kayan da ƙarfi, ba a daɗe ɗakin ya sake cika. A ganina jami'in kirki shi ne wanda ya iya bambance wanda ya ƙi da wanda ya kasa, kuma ba zai iya ba in mai gidan bai buɗe baki ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin ƙyale-ƙyale ne. A Marseille ta Faransa gine-gine biyu sun rushe a watan Nuwamban 2018, mutum 8 suka mutu, aka yi ta zargin hukuma da sakaci da tsofaffin gidaje. A Surfside ta Florida wani dogon bene ya zube a watan Yunin 2021 ya kashe mutum 98, bayan an daɗe da sanin yana buƙatar babban gyara. Jami'in da ya matsa a ce ya cika takura, wanda ya yi sassauci kuma ranar da gini ya faɗi shi za a fara nema. Sauran ƙasashe ma da irin tasu dabarar. A Ingila sashe na 215 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma ikon umartar mai fili ya gyara in yanayinsa yana ɓata unguwa, in ya ƙi ta yi aikin ta karɓi kuɗinta. Amma da wata hukuma a Landan ta yi amfani da shi a kan matar da ta yi wa gidanta fentin ratsin ja da fari, babbar kotu ta soke umarnin a 2017, domin fentin da bai yi wa maƙwabta daɗin gani ba daban yake da gidan da aka bari ya lalace. Japan kuwa, da gidajen da babu kowa suka kai kusan miliyan 9 a ƙidayar 2023, tun 2015 ta ba ƙananan hukumomi ikon cire wa mai kango rangwamen harajin fili, har ma su rushe shi su bi shi kuɗin.

Abubuwan nan uku naka

Ciyawa ita ce mai sauƙi. Ka yanke yau ko gobe, har da gefen titi da bayan shinge in dokar birninku ta ɗora maka su, ka kwashe abin da aka yanke, ka ɗauki hoto mai kwanan wata. In kuwa abin da jami'in ya gani furanni ne ko lambun da ka shuka da gangan, ka faɗa, domin ma'anar ciyawa a kundin ba ta haɗa da furanni da lambun da ake kula da su ba. Nan gaba in za ka yi doguwar tafiya ka bar wanda zai yanke, ka kuma bar wani na biyu da zai leƙa ya tabbatar an yanke. Dalili shi ne karo na biyu ba kamar na farko ba ne. A wurare da yawa wanda aka taɓa samu da laifin ba a sake ba shi wa'adi, kai tsaye ake fara ƙirga.

Mota tana da mafita uku: ka sabunta lambarta kuma ta zama tana tashi, ko ka shigar da ita gareji ka rufe, ko ka sayar. Lulluɓa ta da tamfol ba ya wadatarwa a yawancin birane, kuma na sha ganin mutane sun ɓata kuɗi a kan haka. In gyaranta kake yi a hankali, kundin ya yarda a yi babban gyara a cikin ginin da aka tanada don haka, ba a fili ba.

Fenti ne wanda kwana 10 ba lallai su isa ba, kuma shi ne dalilin da zai sa ka kira jami'in. Sunansa da lambar wayarsa suna jikin takardar. Ka gaishe shi, ka ce ka ga takarda, ka riga ka yanke ciyawa, mota za ta bar wurin ranar kaza, fenti kuma kana neman ƙarin lokaci. Wanda ya gyara biyu cikin uku ya kira da kansa, da wuya a hana shi ƙarin kwana 30. In sanyi ya shigo ko ruwa ya hana, ka faɗa, don mun san fenti ba ya kamawa a jiƙaƙƙen katako, kuma akan ɗaga irin wannan aiki zuwa lokacin ɗumi. In ka samu ɗan kwangila, tura takardar farashinsa da ranar da zai fara. Duk abin da kuka yi a waya ka bi shi da imel, ko layi biyu ne, domin jami'ai suna canja wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma abin da ke cikin fayil kaɗai ya sani.

Hattara da abu ɗaya: in an gina gidan kafin 1978, shekarar da aka hana fenti mai dalma a gidajen zama a Amurka, kar ka kama kankarar tsohon fentin a bushe ko ka goge shi da inji. Ƙurarsa guba ce, musamman ga ƙananan yara da masu ciki. A gwada tukuna, in akwai dalma a nemo mai lasisin wannan aiki. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi ta neman ƙarin wa'adi.

Ɗaukaka ƙara kuwa sai in kana da abin riƙewa: an yi kuskuren adireshi, filin da ciyawar take ba naka ba ne, motar tana da lamba mai rai, ko dokar da aka ambata ba ta faɗi abin da jami'in ya ce ba. Dokokin birane galibi suna intanet, ka nemo lambar sashen da aka rubuta ka karanta da idonka. "Ai gidan wane ya fi nawa muni" ba hujja ba ce, abin da za ta jawo kawai shi ne a je a liƙa wa wane tasa takardar. In har an sa ranar zama, ka je, ko da ka gama gyaran. Masu sauraron ƙara suna da ikon rage tara ko yafe ta, kuma na sha ganin an rage tara mai yawa ta koma kuɗin ofis kawai saboda mutum ya zo da hotuna ya yi bayani cikin ladabi. Kujerar da babu kowa a kanta kuwa abin da jami'i ya nema shi ake yanke mata.

Ni duba-gari ne, ba lauya ba, kuma dokar birninku ce za ta yi hukunci a kan takardarka, ba misalan da na kawo daga wasu jihohi ba. In ka duba ka ga an riga an rubuta bashi a kan gidan, ko tara ta taru ta kai dubbai, ko an ambaci kotu, wannan ya wuce kiran waya, ka nemi lauya ko ofishin ba da taimakon shari'a kyauta na yankinku.

Ka kuma je ofishin harajin gida na gunduma, ko shafinsu, ka tabbatar adireshin da suke da shi naka daidai ne. Da shi ake aika duk wasiƙun hukuma. Na taɓa haɗa fayil ɗin wani mutum da tararsa ta yi watanni tana taruwa, wasiƙu suna tafiya gidan hayar da ya bari tun kafin ya sayi nasa, kuma a idon doka an isar masa. Bayan ka gama gyara, kai za ka kira a zo a sake dubawa, kar ka jira su zo da kansu, domin a birane da yawa tara tana ci gaba da ƙirguwa har ranar da jami'i ya gani da idonsa ya rubuta, ba ranar da ka ajiye buroshi ba. Ka nemi takardar da ke cewa an rufe fayil, ka ajiye ta tare da takardun gidan, ranar da za ka sayar za a iya tambayarka ita.